Buɗe ƙofa a rauta: dalilin da kyamarar shago ba ta ganuwa daga gida

Ɗan kasuwa ya sa kyamarori a shagonsa. Muddin yana cikin shagon, hoto na fitowa tar a wayarsa, amma da zarar ya koma gida sai allo ya yi baƙi. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Rauta ce ta hana shiga, kuma aikinta ke nan.

Asalin maganar ƙarancin adireshi ne. Tsarin IPv4 bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta. Tun a 1994 aka fito da dabarar NAT: gida guda ya fita intanet da adireshi ɗaya, na'urorin ciki kuma su riƙe na cikin gida irin 192.168.1.20. Rauta kamar mai gadin zaure take. Wanda aka aika ya dawo da amsa za ta bar shi ya wuce, baƙon da ba a kira ba kuwa sai ya juya.

Mafita ita ce a buɗe wa kyamarar ƙofa a rautar, kuma saitin ba shi da wuya. A buɗe shafin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a nemi sashen Port Forwarding, wanda wasu rautocin TP-Link ke kira Virtual Servers. A rubuta lambar ƙofa da adireshin na'urar, a zaɓi TCP ko UDP. Lambobin ƙofa sun kai 65,535: ta 443 ta shafuka masu tsaro ce, 554 ta hoton kyamara, na'urorin Hikvision kuma suna amfani da 8000. Sai dai a ɗaure wa na'urar adireshi ɗaya tukuna, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ta dawo, rauta na iya ba ta wani, saitin ya tashi a banza.

Inda masu gyara ke shan wahala shi ne layin waya. Yawancin kamfanonin sadarwa, har da Starlink a tsarinsa na gida, suna cusa masu hulɗa da yawa bayan adireshi ɗaya. Idan adireshin da rautarka ta samu ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to ko ka kwana kana saiti ba wanda zai iso ka daga waje. Sai dai ka nemi kamfanin ya ba ka adireshinka na kanka, wanda yawanci da kuɗi ne.

A ganina ma, ba kowa ya kamata ya buɗe ba. A 2016 manhajar Mirai ta riƙa gwada kalmomin sirri kimanin 60 da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta, ta kame dubban kyamarori da rautoci, aka yi amfani da su wajen durƙusar da kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka suka dogara da shi, a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Wanda bai canja kalmar sirri ba kada ya taɓa saitin nan. Mai son kallon shagonsa daga nesa gara ya bi ta VPN irin WireGuard, ko Tailscale da ke aiki ko da adireshin na haɗaka ne.