Motsa Jiki A Sabuwar Shekara: Kiyasi Daidai Ƙarfi

A farkon kowace shekara, ko ta Muharram ko ta Janairu, akan sami ma'aikata da yawa suna ɗaukar wa kansu alkawarin motsa jiki. Wani yakan ce kullum zai yi tafiyar mil biyar. Kafin wata ya mutu, baƙi da sulhu da aikin ofis sun cinye alkawarin, har mutum ya fid da rai. Sau da yawa laifin na kiyasi ne, domin an ɗauki kayan da ya fi ƙarfin kai.

Wannan magana ta fi shafar iyayen ƙasa da hakimai da malamansu. Manomin Danchadi, a ƙasar Bodinga, ba ya bukatar a tuna masa, gama noma da ɗaukar kaya sun ishe shi. Amma mai sarauta wuni yake yi a zaure, malami kuma a kan tebur, ga shi mota da babur sun karɓe aikin doki da na ƙafa. Yawan zama kuwa yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya.

A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na Landan, kimanin mutum 31,000. Ya tarar kwandastoci, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a bas mai bene, ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba, alhali mota ɗaya ke ɗauke da su. A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, watau aƙalla minti 30 sau biyar. Hukumar ta ƙara da cewa kaɗan ya fi babu.

Duk malamin da ya taɓa tsara kiyasin kuɗi ya san ba a gina shi a kan fata, sai a kan abin da ya shigo bara. Haka ya kamata a yi wa jiki.

1. A fara da gaskiyar bara. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10, kwana uku a mako. In ya riƙe wannan mako biyu, ya ƙara minti 5, har ya kai minti 30.

2. A ɗaura tafiyar a kan abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Zuwa masallaci ko kasuwa ko gona a ƙafa duk yana cikin lissafi.

3. A san ma'aunin sauri: mutum ya ji numfashinsa ya ƙaru, amma yana iya magana da abokin tafiyarsa.

4. A duba lokaci. A ƙasar Sakkwato zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yakan wuce digiri 40, saboda haka sai da sassafe, a kuma sha ruwa. Da hunturu a jira ƙura ta lafa. Da azumi a bari sai bayan shan ruwa, ko a taka zuwa asham.

5. A rubuta. Malami ya keɓe shafi guda, ya riƙa sa rana da yawan minti. Ranar da aka rasa a bar ta fili, kashegari a ci gaba. Kada a ninka don biyan bashi.

Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya lalle ne ya nemi shawarar likita tukuna. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Talakawa suna duban abin da shugabansu ke yi. In aka ga uban ƙasa yana zaga gari a ƙafa, dattawa ba za su ji kunyar bin sawunsa ba. Sannu ba ta hana zuwa.