Haƙorin Tangaran: Yadda Ake Gyara Fuskarsa Kafin A Liƙa Shi



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san haƙorin Makka, wato hular zinariya ko azurfa da alhazai kan sa wa haƙori. A yau likitoci kan yi irin wannan hula da tangaran, domin launinsa ya saje da sauran haƙora. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake sa tangaran ya kama haƙori, ya jure wa yawu da tauna shekara da shekaru.

Bari mu fara da mai faci a tashar Yelwa. Kafin ya shafa sholisho, sai ya goge tiyub da samfefa, ya kakkaɓe ƙura, domin ya san danƙo ba ya kama abu mai sulɓi ko mai datti. Danƙon roba da likita ke liƙa hula da shi ma haka yake. Komai ƙarfinsa, in ba a gyara fuskar da zai zauna a kanta ba, aikin banza ne.

A 1955 wani likita a Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa in an shafa asid na fosforik a farin ɓawon haƙori, yakan bar ƙananan ramuka waɗanda danƙo ke shiga ya daskare. A 1983 aka nuna cewa ana iya yi wa tangaran makamancin haka. To, amma tangaran iri biyu ne, kuma kowanne da hanyarsa.

Na farko shi ne mai gilashi a cikinsa. Akan shafa wa cikin hular asid na haidrofulorik na tsawon daƙiƙa 20 zuwa 60, gwargwadon irin tangaran ɗin. Asid ɗin yakan cinye wani sashe na gilashin, ya bar fuskar da kaushi. Yana da haɗari ƙwarai, don yana ratsa fata, shi ya sa akan yi wannan aiki a wajen baki, a wanke hular sarai. Bayan nan sai a shafa wani ruwa da ake kira silen. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwar kifi ta Yawuri: hannu ɗaya yana riƙe da gilashi, ɗaya yana riƙe da danƙo.

Na biyu shi ne zikoniya. Ita ba ta da gilashi, saboda haka wancan asid ba ya cin ta, silen shi kaɗai kuma ba ya samun abin riƙewa. Akan feshe ta da garin alumina, wanda girman ƙwayarsa kamar kashi 1 ne cikin 20 na milimita, sa'an nan a shafa sinadarin MDP, wanda kamfanin Kuraray na Japan ya ƙirƙiro a 1981. Wanda ya musanya hanyoyin nan biyu ya yi hasara: asid ba ya amfanar zikoniya, feshi kuwa yana iya raunana tangaran mai gilashi. Daɗin daɗawa, yawu kan ɓata fuskar da aka gyara, sai an sake tsabtace ta.

Jama'a, wannan ba zancen likitoci kaɗai ba ne. Mutumin Birnin Yawuri ko Ngaski ko Shanga sau da yawa sai ya yi doguwar tafiya, ya kashe kuɗi, kafin ya sami wannan aiki. Haƙƙinsa ne ya tambayi likita wane irin tangaran aka sa masa, ya kuma riƙe sunan. In hula ta faɗi, kada ya mai da ita da danƙon kasuwa, domin ruɓa takan ɓuya a ƙarƙashinta har haƙorin ya lalace. Ya adana ta, ya koma wurin likita.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalamu.