Idan jinya ta kai mu Yamai, ina za mu sauka?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wani ciwon ya fi ƙarfin likitan garinmu. Sai ya ba mu takarda, ya ce mu kai maras lafiya babban asibiti a Yamai. Tafiyar tana da nisa: daga Maraɗi ta fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Mun sayar da wake ko rago don kuɗin magani. Idan ba mu zaɓi masauki da hankali ba, kuɗin zai ƙare a hanya, mai jinya kuma ya kwanta ciwo.

Mu yi tambaya tun daga gida

Baƙo ko da ido makaho ne. Kafin mu tashi, mu nemi ɗan garinmu da ke zaune a Yamai. Mu rubuta lambar wayarsa da sunan unguwarsa a takarda. Idan motar ta iso da dare, mu jira shi a cikin tasha, inda akwai haske da jama'a. Kada mu bi wanda ba mu sani ba, ko da ya ce yana da ɗaki mai araha.

Mu sauka kusa da asibiti

Kogin Isa ya raba Yamai biyu. Babban asibitin ƙasa yana gefen da babbar kasuwa take. Asibitin Lamorde kuwa yana ƙetare, a Harobanda, kusa da jami'a. Mu duba takardarmu, mu ga wanne aka tura mu, sannan mu nemi ɗaki a wannan gefen.

Ga misali. Mu ɗauka ɗaki na kusa jikka 2 ne a kwana, muna zuwa asibiti da ƙafa. Na nesa jikka 1 ne, amma sai mun hau taksi biyu zuwa, biyu dawowa. Idan kowace taksi dala 50 ce, zuwa da dawowa jikka 1 ke nan. Mai kai abinci safe da yamma zai kashe jikka 2. A haɗa da kuɗin ɗaki, ya zama jikka 3. Ashe na nesa ya fi tsada.

Mu duba lafiyar unguwa

Da damina, mu guji kwari da bakin kogi. A 2012 da 2020 ruwa ya ci gidaje da yawa a unguwannin Lamorde, Karaje da Saga. Idan dole ne mu sauka Harobanda a watan Agusta ko Satumba, mu nemi gidan da ke kan tudu. Mu dubi gindin bango: idan da alamar ruwa, gidan yana cika.

Inda ruwa yake kwantawa, nan sauro yake haihuwa. Sauron da ke sa masassara da dare yake cizo, don haka mu tafi da sangenmu. Mu tambaya ko akwai famfo da masai mai murfi a gidan. Ruwan da ba mu san asalinsa ba, mu tafasa shi, don gudawa da kwalara ta ruwa maras tsabta suke shiga jiki.

Da rani kuma, mu guji ɗakin da mutane suka cunkushe babu taga. Sanƙarau da tarin fuka ta numfashi suke yaɗuwa. A 2015 sanƙarau ya kama mutane da yawa a Yamai.

Mu tsare kanmu da kuɗinmu

Mu je mu ga gidan da rana. Unguwar da ke da fitila, da masallaci, da mata da yara a ƙofar gida, ta fi kufai aminci. Mu gaida maƙwabta, mu san gidan mai unguwa. Mu gama ciniki gaban shaida, mu karɓi takardar biya. Mu raba kuɗinmu wuri biyu, katin shaidarmu kuma kada ya bar jikinmu. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18.

Ƴan uwa, kafin mu ce mun samu araha, mu haɗa kuɗin ɗaki da na taksi, mu dubi ruwa da makwanci. Mai jinya mai lafiya shi ke dawo da maras lafiya gida. Allah ya ba mu lafiya, amin.