Ƙaramin Akwatin Da Ke Riƙe Da Ofis: Abin Dubawa Kafin A Sayi Suwic

A kowane ƙaramin ofis da ke aiki da kwamfuta fiye da biyu ko uku a yau, ko na lauya ne, ko ɗakin shan magani, ko kuwa shagunan buga takardu da suka jeru a ƙofar jami'o'i da sakatariyoyin gwamnati, akwai wani ɗan akwati da ba a cika kulawa da shi ba. Galibi yana ƙarƙashin tebur ko rataye a bango, wayoyi sun shiga jikinsa, 'yan fitilu kore suna ta ƙyaftawa. Masu sana'ar suna kiransa suwic, ko da yake ba shi da wata dangantaka da makunnin fitila. Shi ne ke haɗa kwamfutoci da firinta da kyamarorin tsaro da kuma rawuta, watau na'urar da ke shigo da intanet. Ranar da ya mutu, komai yakan tsaya cik. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, aka kuma mayar da rajistar makaranta da biyan kuɗin gwamnati da neman aiki kan intanet, mutuwar wannan akwati a ranar rufe rajista takan jawo wa mai shago asarar ciniki, ta jawo wa ɗan makarantar da ke tsaye a layi asarar da ta fi wannan.

Asalin abin ba sabo ba ne. A 1973 ne Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs suka ƙago tsarin da ake kira Ethernet a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka. Da farko kwamfutoci duka suna kan waya guda ne, daga baya aka riƙa haɗa su da wata na'ura mai suna hob, wadda aikinta bai wuce na mai shela a kasuwa ba: duk saƙon da ya zo sai ta kwarara shi ga kowa, mai shi ya ɗauka, sauran su yi watsi da shi, in kuwa biyu suka yi magana lokaci guda sai maganar ta cakuɗe. Wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ne ya fito da suwic na farko wajen 1990, Cisco kuma ya saye kamfanin a 1994. Shi suwic kamar tsohon masinja yake, wanda ya san teburin kowane ma'aikaci. Yana lura da adireshin kowace na'ura da kafar da take ciki, ya rubuta a ransa, sa'an nan ya miƙa kowane saƙo ga mai shi kaɗai.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne suwic ba ya ƙara gudun intanet. Iyakarsa ya raba abin da rawuta ta kawo. Amma fa yana iya rage shi. Ƙa'idar gudun megabit 100 a daƙiƙa ta fito ne a 1995, ta megabit 1,000, wadda ake kira gigabit, ta biyo baya a 1999, kuma har yanzu kantuna cike suke da masu ɗarin saboda arha. A zamanin da intanet ke zuwa da kyar, wannan bai dami kowa ba. Yanzu kuwa da aka fara 5G a Nijeriya a 2022, Starlink ya shigo a farkon 2023, wayar faiba kuma ta fara shiga unguwanni, akwai ofisoshin da ke biyan kuɗin layin da ya wuce megabit 100 alhali akwatinsu ba ya iya wuce wannan adadi. Bambancin farashi tsakanin nau'o'in biyu bai taka kara ya karya ba. Duk kwalin da aka rubuta 10/100 kawai a jikinsa, ba tare da 1000 ba, ya kamata a mayar da shi kan kanta. Akwai kuma masu gudun gigabit biyu da rabi, waɗanda ƙa'idarsu ta fito a 2016, amma sai mai aikin tace bidiyo ko kwashe manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci ne zai ga amfanin ƙarin kuɗinsu.

Batun yawan kafofi lissafi ne mai sauƙi, sai dai akan manta cewa kafa ɗaya ta rawuta ce. Mai kafa takwas na'ura bakwai zai ɗauka. Wanda yake da shida a yau, gara ya nemi mai goma sha shida, domin ofis ba ya raguwa.

Daga nan sai tambayar da 'yan kasuwa suka fi son a yi musu, watau ko a sayi mai zaman kansa wanda ake jona shi kawai ya kama aiki, ko kuwa wanda ake shiga cikinsa a tsara shi. Na biyun ya fi tsada, yana kuma iya raba ofis gida-gida, ta yadda kwamfutar akanta ba za ta haɗu da wayoyin baƙin da aka ba su damar shiga intanet ba. Ga asibiti ko otal ko makaranta wannan abu ne mai muhimmanci ƙwarai. Har ila yau yana maganin wata ɓarna da kan faru a ofis: wani ya ga waya tana lilo, ya yi niyyar gyara, ya cusa bakinta cikin kafar da babu kowa, alhali ɗaya bakin yana jikin akwatin tuntuni. Nan take saƙo zai shiga zagaye ba iyaka, fitilu su rikice, kwamfutoci duka su daskare. Wata injiniya mai suna Radia Perlman ce ta samo maganin wannan a 1985, kuma yanzu har wasu ƙananan suwic suna zuwa da kariya daga irin wannan zagaye, ana rubutawa a jikin kwali. To amma gida ko shago mai kwamfuta biyar ba ya bukatar na'urar da sai an ɗauko injiniya kafin a taɓa ta. Na'urar da aka tsara, aka sa mata kalmar sirri, wanda ya tsara ta kuma ya bar gari, ta fi marar tsari zama alaƙaƙai.

Duk waɗannan ana iya karanta su a jikin kwali. Abin da kwali ba ya faɗa da babbar murya shi ne yanayin da aka ƙera na'urar domin ta zauna a cikinsa, kuma a nan ne ainihin maganar aminci take. Yawancin ƙananan suwic an yi su ne domin su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce haka a inuwa ma, balle a shago mai rufin kwano da babu silin. Saboda haka mai jikin ƙarfe ya fi mai jikin roba, domin ƙarfen yana fitar da zafi. Marar fanka kuma ya fi mai fanka, ko da yake da jin farko mutum zai zaci akasin haka. Dalili kuwa shi ne fanka tana zuƙo ƙurar hunturu ta tara a ciki har ta zama bargo a kan kayan, ranar da ta tsaya kuma ba wanda zai sani sai an ji ƙauri. Ƙaramin suwic marar fanka wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, don haka zafinsa kaɗan ne, muddin ba a ɗora masa fayil ko a kulle shi cikin durowa ba.

Wutar lantarki ita ce babbar abokiyar gaba. Ɗaukewa da kawowa, da sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta sau da yawa a yini, su ne ke kashe waɗannan na'urori, kuma sau tari ba akwatin ne ke fara mutuwa ba, adaftarsa ce. Wannan ya sa mai adafta a waje yake da wata fa'ida a kan mai tukunyar wuta a ciki, domin adafta ana canja ta da kuɗi kaɗan. Sai dai a kula, wadda za a sa dole ƙarfinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a bayan akwatin; bakin ya shiga ba shi ne shaidar ta dace ba. Mafi alheri shi ne a jona suwic da rawuta a kan UPS ko inbata, ba kai tsaye a bango ba. Wanda ya ware kuɗin suwic bai ware na kariyarsa ba, ya sayi rariya ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Da damina kuma sai tsawa. Ba sai ta faɗa kan gini take ɓarna ba. Wayar da aka ja ta sararin sama daga wannan gini zuwa wancan, ko zuwa kyamarar da ke kan katanga, takan kwaso ƙarfin tsawar da ta faɗi a kusa ta kai shi cikin akwatin, a wayi gari kafa biyu ko uku sun ƙone, wani lokaci har da kwamfutocin da ke jikinsu. Inda za a haɗa gini biyu, wayar faiba ce magani, domin gilashi ce, ba ta ɗaukar wuta, kuma akwai suwic masu kafa ta musamman dominta. Ita ce kuma mafita in nisan ya wuce mita 100, wanda shi ne iyakar wayar jan ƙarfe. Masu jikin ƙarfe da yawa suna da wani ɗan kusa a baya na ɗaura wayar ƙasa, amma ba shi da amfani a ginin da tun asali ba a binne masa wayar ƙasa ba, irin waɗannan gine-gine kuwa ba su da wuyar samu.

Masu son sa kyamarorin tsaro suna da nasu lissafin daban. Akwai suwic da ke aika wuta ta cikin wayar da ke ɗaukar saƙo, ana rubuta PoE a jikinsu. Ƙa'idar 2003 ta ba kowace kafa wat 15.4, ta 2009 ta kai shi 30, ta 2018 ta kai har 90. Amma abin dubawa shi ne jimillar wutar da akwatin zai iya bayarwa gaba ɗaya. Alal misali, in jimillar wat 60 ce, aka jona kyamara takwas da kowace ke jan wat 10 idan ta kunna fitilarta ta ganin dare, to bukata ta kai 80. Da rana komai zai tafi daidai, mai gida ya biya mai aiki ya sallame shi. Da dare, lokacin da ɓarawo ke fitowa, sai wasu kyamarorin su riƙa ɗaukewa. Sa'an nan akwai masu arha da ke tura wuta ba tare da sun tambayi na'urar da ke ɗaya bakin ko tana so ba, waɗannan suna iya ƙona abin da aka jona musu bisa kuskure. Lambar ƙa'idar, 802.3af ko 802.3at, ita ce ake nema a jikin kwali.

Sau da yawa kuma laifin da ake ɗora wa suwic na waya ne. Gudun gigabit yana bukatar silin waya takwas ɗin da ke cikin kebul duka, na ɗari kuwa huɗu sun ishe shi. In sili ɗaya ya tsinke, ko ba a matse kan da kyau ba, sai gudun ya faɗo zuwa ɗari shiru, ba tare da wani ya lura ba. Kebul mai lamba Cat5e ko Cat6 ya wadatar, in dai na jan ƙarfe ne zalla. Kasuwa kuwa cike take da na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, mai saurin karyewa, mai ɗaukar zafi in an bi da wuta ta cikinsa. Gane shi ba wuya: a kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana to jabu ne. Kwalinsa na mita 305 ma ya fi na gaske rashin nauyi a hannu.

Suna kamar TP-Link da Netgear da D-Link da MikroTik da Cisco sanannu ne daga Computer Village ta Ikeja har zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano, amma suna kaɗai ba ya isa shaida. A 2024 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco, waɗanda suka shiga har asibitoci da makarantu da sansanonin soja na ƙasar. In haka ta faru a can, to mai saye a nan sai ya buɗe ido. Haka nan manyan suwic na gwanjo masu kafa 24 ko 48 da ake kwasowa daga ofisoshin Turai da suka yi ritaya da su: suna da kwarjini, farashinsu kuma yana jan hankali, amma da yawansu masu gudun ɗari ne, fankokinsu na ƙara kamar injin niƙa, suna shanye batirin inbata, kamfanin da ya ƙera su kuma ya daina gyara musu manhaja. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, in ji masu iya magana, nagari kuwa a nan shi ne sabo, ƙarami, daga hannun dillalin da zai rubuta rasit da lambar na'urar da tsawon garanti, domin garantin da aka buga a jikin kwali ba lalle ne ya yi aiki a ƙasar da ba can aka nufa da kayan ba.

Kafin a bar kanti, ko a cikin kwanakin da aka yarda a mayar da kaya, ya kamata a ɗauki kwamfuta da waya mai kyau a bi kafofin ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar kowace ta nuna gudun 1,000, a kuma bar akwatin a kunne yini guda a taɓa jikinsa a ji. Shagon da cinikinsa ya dogara ga intanet kuwa, musamman a makon rajista, yana da kyau ya ajiye wani ƙaramin mai kafa biyar da adafta ɗaya a cikin durowa.