Wayar Lasifika Mai Tsada: Tana Gyara Sauti Kuwa?

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, saboda waɗanda suke kan hanya ko bakin rijiya lokacin da aka watsa shi.

Tambayar daga Ghuddwa ta zo, kudu da Sabha, daga wani bawan Allah mai shago a bakin titi. Ya sayi amfilifaya da lasifika biyu don ya riƙa sa karatu da labarai, sai mai sayarwa ya ɗauko masa wata waya mai bakin ruwan zinariya, ya ce in bai haɗa da ita ba, ya yi asarar kuɗin lasifikar. Kuɗin wayar kuwa ya kusa sayen ɗan akuya. Shi ne yake tambaya: gaskiya ne, ko zaƙin baki ne irin na kasuwa? Ku yi mini afuwa, na san yawancinku 'yan kasuwa ne.

To malam, kai da ka taɓa jan ruwa ka riga ka san amsar. Igiyar guga ba ta ƙara wa ruwa daɗi. Ko ta alharini ce, ruwan da ke rijiya shi za ta fito da shi. Amma in ta ruɓe ko ta yi siriri, gugan ba zai iso hannunka a cike ba. Haka waya take. Ba ta ƙara wa sauti komai, sai dai ta rage. Aikinka shi ne ka ga abin da take ragewa bai kai kunne ya ji ba.

Abu uku ne ke sa ta rage: tsawo, kauri, da irin ƙarfen da ke ciki. Kowace waya tana ɗan tirjiya ga wutar da ke bi ta cikinta, ana auna tirjiyar da om. Juya lasifikarka, za ka ga an rubuta 4 ko 8, wannan ita ce tata tirjiyar. Ƙa'idar masu gyara ita ce kada ta wayar ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta lasifika. Ɗauki wayar jan ƙarfe ta gama-gari, wadda masu haɗa wutar gida ke kira ɗaya da rabi. In tsakanin amfilifaya da lasifika mita 5 ne, zuwa da dawowa mita 10 ke nan, tirjiyar ba ta wuce om 0.12 ba. A kan lasifika mai 8, wannan kashi ɗaya da rabi ne cikin 100. Babu kunnen da zai kama shi, ko da na mai kiwon da ke gane kukan raƙumarsa a cikin garke.

Inda labari yake canzawa shi ne ranar biki, in an ja lasifika zuwa ƙofar gida da siririyar wayar nan mai rabin milimita. A mita 20 tirjiyarta ta kai om 1.4. In lasifikar mai 4 ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da amfilifaya ta fitar a cikin waya yake ƙarewa, ya zama zafi. Sai ka ga ana ta murɗa ƙara, sauti na shaƙewa, ana zagin lasifika alhali ba ruwanta. Maganin ba mai tsada ba ne: wayar biyu da rabi, daga shagon kayan wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Akwai wayar da alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A ido ba ka bambancewa. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take ɗauka, ga saurin karyewa in ana yawan naɗewa da warwarewa, kamar yadda kuke yi a tafiya. Kafin ka biya, kankare silin ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙasa, ka gane. Ko ka kara masa ashana: na alminiyam nan da nan zai lanƙwashe ya zube, na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya.

Ruwan zinariya fa? Amfaninsa ɗaya ne, ba ya tsatsa. Wajen ɗaukar wuta ma jan ƙarfe ya fi zinariya. A nan Fezzan kuma ba tsatsa ce babbar matsalarmu ba, ƙura ce, musamman in gibli ta taso. Yawancin ƙarar ƙas-ƙas da kake ji daga bakin da ya cika da ƙura ko ya saki take fitowa. Zare, ka goge, ka ɗaure tam. Ka duba kuma ja yana kan ja, baƙi kan baƙi a duka lasifikun. In ɗaya ya juye, dukan nan mai kama da ganga da kake ji a ƙirji sai ya ɓace.

Wannan gardama ba a nan aka fara ta ba. A 2007 wani Ba'amurke, James Randi, ya sa kyautar dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da wata mai sauƙin kuɗi, da kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka haɗa ba. An yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba, ba wanda ya karɓi kuɗin. Kai ma za ka iya naka a shagon: juya baya, yaronka ya riƙa sauya wayoyin sau goma bai faɗa maka ba, ka ƙirga sau nawa ka canka.

Ku masu manyan motocin Gatrun zuwa Dirku da Agadas, da ku masu batir da farantin sola a ruga, wayar da ya kamata ku kashe wa kuɗi daban take: wadda ta taso daga batir. Amfilifaya mai cin wat 120 a wutar gida kusan rabin amfiya take ja. A batir mai volt 12 kuwa amfiya 10 take ja. Siririyar waya a nan zafi za ta ɗauka har robarta ta narke, ga jarkokin mai a bayan mota. Sa mai kauri, gajeriya, da fis dab da kan batir. In kuma kana jin wani siririn kuka da ke tashi duk lokacin da direba ya taka mai, raba ƙaramar wayar da ke kawo sauti daga wayar salula da wayoyin wuta, kada su kwanta tare.

Mai shagon Ghuddwa, auna tazarar da ke tsakanin teburinka da inda za ka rataye lasifikun, ka yanko ɗaya da rabi daidai tsawon, ka kankara ka gani kafin ka biya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wayar eriya, don masu kama gajeren zango a daji sun yi ta aiko da tambaya a kanta.