FARIN HAƘORI: ABIN DA KE FITA DA GUGA DA WANDA BA YA FITA

A kasuwanninmu na Maradi, Damagaram da Tawa, masu tallar magani suna yawo da wani gari da wasu ƴan kwalabe, suna cewa cikin kwana kaɗan haƙori zai koma fari fat kamar nono. Samari da ƴan mata ne suka fi saye, balle in biki ya gabato. Waɗanda ba su da kuɗi kuwa sai su koma ga gawayi, ko toka, ko kanwa, ko bikarbonat da lemun tsami. Ya kamata mu san yadda haƙori yake kafin mu ɗora masa irin waɗannan abubuwa.

Haƙori yana da ɓawo daga waje, kuma duk cikin jikin mutum babu abin da ya fi ɓawon nan ƙarfi. Amma fa in ya zaizaye ba ya sake tsirowa, ba kamar farce ko gashi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗan ruwan ɗorawa, shi kuma yana rufe da jijiya. To, ga inda mutane da yawa suke ruɗuwa. Mai dirzar haƙori da gawayi zai ga haske a makon farko, domin dattin goro da shayi da taba ya fita. In ya ci gaba, ɓawon yana raguwa, launin ƙashin ciki yana bayyana, sai ya ƙara ƙaimi da guga, alhali kuwa gugar ce ke jawo abin da yake gudu. Lemun tsami ya fi haka ɓarna. Kowa ya san yadda tsamiya ke kashe haƙora. Tsamin yana tausasa ɓawon ne, in an bi da buroshi nan take sai a kankare shi.

Akwai kuma launin da ke cikin haƙorin kansa, wanda ko an shekara ana guga ba zai motsa ba. Mutanen jihar Maradi ba su manta da Tibiri ba. Daga 1985 zuwa 2000 garin ya sha ruwan wata rijiya mai zurfi wanda sinadarin fuliyor ya yi wa yawa, har ya ninka sau uku zuwa huɗu iyakar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta yanka, miligiram 1,5 a kowace lita. Haƙoran yara suka yi tabo ja, ƙasusuwan wasu ɗaruruwa suka lanƙwashe. Fuliyor kaɗan yana tsare haƙori daga ruɓewa, don haka ne ake sa shi cikin man goge baki, amma mai yawa lokacin da haƙori ke tsirowa yana ɓata shi. Haka nan ƙwayar tetrasiklin, in mace mai ciki ta sha, ko aka bai wa yaron da bai kai shekara 8 ba, takan rine haƙora tun suna cikin dasashi. Abin takaici, masu irin wannan tabo su ne suka fi dirza, don ana yi musu gorin ƙazanta, ba kuwa laifinsu ba ne.

Lokotoron haƙori yana da nasa maganin. Tushensa ruwan oksijene ne, ɗan uwan wanda ake wanke ciwo da shi a likita, shi ne ke ratsa ɓawon ya kashe launin ciki. Yana aiki, ba a musu. Sai dai haƙori yakan yi ɗan kwanaki yana zogi in ya taɓa ruwan sanyi, in kuma maganin ya zuba bisa dasashi ya ƙone shi. Ba ya canza launin ciko ko haƙorin roba, kuma farin yana dusashewa sannu a hankali ga wanda bai bar goro da taba ba. Saboda haka ne ƙasashen Tarayyar Turai suka yi doka a 2011: abin da kowa zai saya da kansa kada ƙarfinsa ya wuce kashi 0,1 cikin ɗari, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun lokotoro, kuma ban da wanda bai cika shekara 18 ba. Kwalbar da aka saya a tasha, babu takarda babu suna, wa zai faɗa mana ƙarfinta?

A ganina, kafin maganar fari sai a fara duba ko akwai kogo ko dasashi mai jini, gama maganin in ya shiga kogo ya isa jijiya, azabarsa ba kaɗan ba ce. Dattin da ya daskare a gindin haƙora kuwa lokotoro ne ke kankare shi da na'ura, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. A gida, asuwakin da iyayenmu suka saba da shi yana fid da dattin sama ba tare da cin ɓawo ba, muddin an tauna bakinsa ya yi laushi, ba a kuma danna shi da ƙarfi ba. Mai buroshi ya zaɓi mai taushi, ya goge safe da dare, wanda ya sha abu mai tsami kuma ya kurkure da ruwa, ya dakata kamar rabin awa kafin ya goge.