Yadda ake tsara ƙaramar tashar lantarki ta ruwa ba tare da an toshe wa kifi hanya ba

A shekarar 1994 aka kammala madatsar Pak Mun mai ƙarfin megawat 136 a ƙasar Tailan, kusa da inda kogin Mun yake shiga kogin Mekong. An gina mata matakalar kifi, wato jerin kududdufan siminti da ake son kifi ya bi ya haye madatsar. Sai dai fasalin matakalar aro ne daga waɗanda aka yi wa kifin salmon a Arewacin Amurka, kuma yawancin kifin Mekong bai iya hawanta ba. Binciken da Hukumar Duniya kan Madatsun Ruwa ta fitar a 2000 ya nuna cewa kamun kifi a saman madatsar ya ragu da kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Bayan shekaru na zanga-zangar masunta, gwamnati ta amince a riƙa buɗe ƙofofin madatsar na wasu watanni a kowace shekara.

Pak Mun babbar tasha ce, amma darasinta ya shafi ƙananan tashoshi, waɗanda a ƙasashe da dama ake nufin masu ƙarfin da bai wuce megawat 10 ba. Katangar mita biyu kacal ta isa ta raba kifi da wurin da yake zuba ƙwai, kuma irin waɗannan tashoshi sukan yi jeri a kan kogi guda.

Me ya sa fasalin salmon bai dace ba?

Salmon kifi ne mai ƙarfin iyo da tsalle, kuma nau'o'insa kaɗan ne. Matakalarsa takan bar tazarar kimanin santimita 30 tsakanin kududdufi da na gaba. A Mekong kuwa akwai nau'in kifi sama da 800, daga masu tsawon ɗan yatsa har zuwa wani ƙaton kifi dangin tarwaɗa da yake kusantar kilo 300. Wasu suna bin ƙasan ruwa, wasu sama, da yawansu kuma ba sa tsalle sam.

Lokacin tafiyar ma ya bambanta. A kogunan ƙasashe masu zafi, ambaliyar damina ce take tayar da kifi, kamar yadda tarwaɗa take bin sabon ruwa zuwa cikin fadama. Kifin yakan taso da yawa a lokaci guda, a daidai sa'adda ruwan kogin yake hawa da mitoci. Matakalar da aka auna da ruwan rani kan nutse ko ta cika maƙil a irin wannan lokaci.

Hanyar hawa

Injiniyoyi suna farawa ne da auna kifi mafi rauni da ake son ya wuce. Daga nan ake rage gangarar hanyar, a sa tazarar kududdufai ta koma santimita 10 ko ƙasa da haka. Maimakon ruwa ya riƙa zuba ta saman bango, ana yanka tsaga a tsaye daga sama har ƙasa, domin kifi ya ratsa a duk zurfin da ya saba da shi, ko ruwa ya hau ko ya sauka. Ana kuma shimfiɗa duwatsu a ƙasa saboda ƙananan kifi su samu wurin hutawa.

An gwada irin wannan tunani a Pak Peung da ke tsakiyar Laos, inda wata ƙofar ruwan ban-ruwa ta raba fadama da Mekong. Masana daga Laos da Ostireliya sun fara da gwaji a kan kifin wurin, sannan suka gina hanya mai sauƙin gangara da aka jera wa turakun siminti. Nau'in kifi sama da 100 ne aka ga sun bi ta.

Bakin shiga shi ne inda aka fi yin kuskure. Kifin da yake hawa yana bin ruwa mafi ƙarfi, wanda a tashar lantarki shi ne wanda yake fitowa daga injin. Idan ƙofar matakala ta yi nisa da wurin, kifi zai taru a gindin tashar har ya gaji, tsuntsaye da masu raga su kwashe shi.

Hanyar dawowa

Kifin da ya hau dole ya sauko, shi da 'ya'yansa. Abubuwa uku ne suke kashe shi a cikin injin: sarar farfela, juyin ruwa mai tsanani da yake yaga fata da ƙaya, da faɗuwar matsin ruwa farat ɗaya. Yawancin kifi suna da jakar iska a ciki. Kifin da ya saba da zurfin mita 10, idan aka jefo shi sama nan take, iskar jakar takan ninka biyu, jakar kuma tana iya fashewa.

Maganin farko shi ne a hana kifi shiga. Ana sa rariyar ƙarfe mai ramukan milimita 10 zuwa 20 a bakin injin, a karkace ta yadda za ta kai kifi ga wata kwata da take zagaye injin, a kuma faɗaɗa bakin domin ruwa ya tafi a hankali kada ya manne kifi a jikin ƙarfe. Na biyu shi ne zaɓen injin. Inda tsayin faɗuwar ruwa bai wuce mita 10 ba, ana amfani da injin mai siffar ƙaton sukurun Arkimidis, wanda yake juyawa a hankali, ruwa yana sauka cikinsa a buɗe ba tare da babban sauyin matsi ba. Akan liƙa roba a bakin farfelarsa don rage sara.

Ƙwai da 'ya'yan kifi ba su da ƙarfin iyo, ruwa ne yake ɗauke su. Idan suka shiga tafkin da ba ya gudu sai su nutse ko wasu kifaye su cinye su. A Birazil, masana biyu, Pelicice da Agostinho, sun nuna a 2008 cewa matakala tana iya zama tarko: ta kai manyan kifi sama, inda zuriyarsu ba za ta rayu ba, kuma ba su da hanyar komowa. Shi ya sa ake fifita tashar da take amfani da gudun kogi kai tsaye, mai gajeriyar katanga da ƙaramin tafki.

Nawa ne kuɗin a lantarki?

Lissafin mai sauƙi ne. Ana ninka tsayin faɗuwar ruwa da yawan ruwan da yake wucewa a daƙiƙa, a ninka da 9.81, sannan da ingancin injin. A misali, faɗuwar mita 3 da ruwa kubik mita 5 a daƙiƙa, da injin mai ingancin kashi 75, suna ba da kimanin kilowat 110. Idan aka ware rabin kubik mita don hanyar kifi, an rasa kilowat 11, wato kashi 10. Matakalar da take hawa mita 1 a kowace mita 20 za ta kai tsawon mita 60, da kududdufai 30. Wannan kuɗi ne na gaske, amma sa shi a zanen farko ya fi arha a kan fasa siminti daga baya. Wata dabarar ita ce tsayar da injin a 'yan kwanakin da kifi ya fi saukowa.

Aunawa bayan gini

Ganin kifi a cikin matakala bai isa hujja ba. Abin da ake so a sani shi ne kashi nawa na waɗanda suka iso ne suka fita ta sama. Don haka ake sa wa kifi ƙwayar lantarki mai girman ƙwayar shinkafa, marar batir, wadda eriya a bakin shiga da bakin fita take karantawa. A ruwa mai laka, kyamarar da take gani da sauti tana iya ƙirga kifi ko da dare.

Duk waɗannan suna zuwa ne bayan zaɓen wuri. Tashar da aka gina a kan magangarar dutse da kifi ba ya iya hawa tun asali ba ta tare wa kowa hanya, alhali guda ɗaya a bakin rafi tana iya rufe rafin gaba ɗaya. Masuntan yankin sun san watan da kowane kifi yake tasowa da gefen kogin da yake bi, kuma wannan bayani ya kamata ya shiga hannun injiniya kafin ya ja layin farko.